Ya Iso Daban, An Karanta Daban

Duk wanda ya taɓa aikin sadarwa a Makassar, birninmu na bakin teku, ya san Daeng Sikki, in bai san fuskarsa ba to ya san taurin kansa. Daeng ɗin laƙabin girmamawa ne a wajenmu, kamar a ce Malam. Gajeren mutum ne mai sanƙo, kullum da ƙaramin sukudireba a aljihun riga, ya huda aljihun har matarsa ta gaji da ɗinki ta ƙyale shi. Ba mafaɗaci ba ne, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Sai dai in ya ce a'a, to je ka ka sha kofinka ka dawo, a'ar tana nan inda ka bar ta.

Ubansa ɗan dako ne, amma na ruwa. Yana da ƙaramin jirgi mai inji, yana kwasar kaya daga tashar Paotere zuwa tsibirai, shinkafa da ƙanƙara da kananzir, wata rana har da akuya. Tsohon nan yana da wani hali da ya bi ɗansa har tsufa. In aka ba shi ƙunshi a kai wa wani, ba ya buɗewa, ba ya ko shinshinawa. In ya dawo mai ƙunshi ya tare shi da tambaya, amsarsa ɗaya ce, ya isa. Ko an yi murna, ko an ci, ko an jefa wa kaji, ba zai ce ba, don bai gani ba.

Sikki ya yi jami'a, ya karanci na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya shiga wani ƙaramin kamfani da aka ba aikin haɗa ƙananan asibitocin tsibirai da babban asibitin gari. Tsibiran nan babu igiyar waya, sai dogayen ƙarafa da eriya a kai, in kuwa iskar yamma ta taso sai sigina ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Aikin hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne ƙa'idar jigila, wato tsarin da na'urori ke bi su yanka saƙo gutsi-gutsi, su tura, abin da ya salwanta a hanya su sake turawa, a can a harhaɗa shi yadda yake, sannan na'urar can ta amsa cewa ya iso. Wannan hawan na Sikki ne, a ofis kuwa kowa "hanya" yake ce masa. Na sama shi ne manhajar da ungozoma ke taɓawa a wayarta ta rubuta wa likita, likita ya mayar mata da amsa. Wannan aka ba wata doguwar yarinya mai dariya da ƙarfi, sunanta Rannu.

Faɗa suka fara da shi, tun kafin su san sunan juna sosai. Rannu ta zo teburinsa ta dafa.

"Daeng, abu ɗaya nake so ka sa mini a hanyarka."

"Wane abu?"

"Ta riƙa gane saƙon mai naƙuda, ta wuce da shi gaba."

"Hanya ba ta san naƙuda ba."

"To koya mata mana. Ba kai ka haife ta ba?"

"In na koya mata naƙuda yau, gobe masunta su ce ta koyi farashin kifi, jibi malaman makaranta su kawo nasu. Kuma ke in kin yi kuskure a manhajarki, da yamma kin gyara. Ni in na yi kuskure sai an hau kowane ƙarfe a kowane tsibiri."

"Ashe tsoron hawa kake."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Amma da aka tashi cin rana shi ne ya bi ta rumfar coto, miyar naman nan tamu, wai zai ƙarasa mata bayani. Bayanin nan bai ƙare ba har aka ɗaura musu aure. Abokin aikinsu Yohanis, ɗan ƙabilar Toraja mai ban dariyar tsiya, ya ce shi bai taɓa ganin neman aure irin wannan ba, namiji ya ce wa mace a'a har ta yarda.

Kada wani ya ɗauka Sikki ne kullum da gaskiya. Ina! Akwai shekarar da wani ma'aikaci a tsibiri ya ɗauki hotunan janareta da ya lalace ya tura gari, iska kuwa tana kaɗawa, hotunan suka cika hanya suna tafiyar hawainiya. A bayansu akwai saƙon ungozoma, wata mata ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Saƙon ya tsaya a layi yana jiran janareta ya wuce. Allah ya yi matar da sauran kwana, ta rayu. Rannu ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗa ta yi, ta zuba masa abinci ta tashi ta bar shi da shi. Ya ci abin da ya iya, ya koma ofis. Bayan 'yan kwanaki ya kira ta.

"Zan ba ki jan ƙyalle. Duk saƙon da manhajarki ta ɗaura wa shi, hanya za ta wuce da shi gaba. Amma ke za ki ɗaura. Ni ba zan tambayi abin da ke ciki ba."

"Ka dai sha kaye, Daeng."

"Ban buɗe ba ai."

"Ka sha kaye."

"Na ji. Amma ban buɗe ba."

Wannan ta wuce. Wadda ta ƙi wucewa, ta zauna musu a gida har 'yarsu Ila ta girma ta yi aure ta koma can birnin Surabaya, ita ce maganar "an karanta". Likitocin gari in suka tura umarni suka ga alamar ya iso, sai su ɗauka ungozoma ta gani, su juya ga wani mara lafiya. Alhali wayar ce ta karɓa, mai wayar wataƙila tana bakin teku tana wanke tukwane. Rannu ta yi maganin abin a manhajarta, ta sa wani maɓalli da ungozoma za ta danna da yatsarta ta ce na karanta. Dabara ce mai kyau, sai dai ungozomomi mutane ne, hannunsu cikin jini da sabulu, sukan manta. Duk ranar da likita ya kawo ƙorafi, da yamma Sikki ne zai sha.

"Da hanyarka ta ɗauke mana wannan da mun huta."

"Ni abin da na sani waya ta karɓa. Idon mutum ba a hawana yake ba."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba."

"Ban iya ba."

"Haba Daeng, ko ɗan musu ba za ka yi ba? Miƙo barkonon."

A teburin abinci suke yi, a kan babur suke yi, ita a baya tana magana cikin kunnensa, shi yana girgiza kai cikin hular kwano. Yohanis yakan ce ranar da aka ji gidan nan shiru a kira liman. Ba'a yake yi, bai san bakinsa zai kama ba.

Wata safiya Rannu tana soya ayaba, Sikki yana tsakar gida yana duba tayar babur, ya ji faɗuwar cokali, sannan ya ji faɗuwar abin da ya fi cokali nauyi. Hawan jinin da take wasa da maganinsa ne ya kayar da ita. Da ta farfaɗo a asibiti ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, maganar nan tata mai cika ɗaki ta tafi gaba ɗaya. Kalma ɗaya ta rage mata, iye.

Iye ɗinmu na Makassar ba yarda ba ce. Amsar ladabi ce, yaro ya ce wa babba, mai sayarwa ya ce wa mai saye, ma'anarta na ji ka, ci gaba. To ita ce ta maƙale a bakin Rannu. Ma'aikaciyar jinya ta gaishe ta, iye. Ila ta iso daga Surabaya ta faɗa kanta tana kuka, iye. 'Yan dubiya suka yi ta murna, wai ai tana amsawa, Alhamdulillahi. Sikki ma ya yi murna, na kwana biyu. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rarrabe amsar na'ura da amsar mutum, ba a daɗe ana ruɗinsa. Da ɗaki ya yi sauƙin jama'a ya matso da kujera.

"Rannu, za ki sha shayi?"

"Iye."

"Ko kofi kike so?"

"Iye."

Ya san bai kamata ya yi tambaya ta gaba ba, ya yi.

"Ni ne Yohanis?"

"Iye."

Ya gyara mata mayafi, ya fita baranda, ya kama ƙarfe ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ubansa. Likitar da ke duba ta, wata dattijuwa mai gaskiya, ba ta ɓoye masa ba. Ta ce kunne lafiya lau, magana tana shiga. Ko tana ganewa, ko rabi take ganewa, ko tana ganewa bakin ne ya ƙi, wannan ba za ta rantse ba tukuna. Ta ce ya ci gaba da yi mata magana, ya yi haƙuri. Ya ce to.

Suka koma gida da keken marasa lafiya. Ila ta zauna iya zamanta, mijinta da yara suna jira, ta koma. Sikki ya ɗauki hutu. Mutumin da bai san inda gishiri yake a gidansa ba ya koyi dafa miyar kifi, tsamiya ta yi yawa, ya ba ta a baki, ta ce iye. Ya koyi ɗaura mata zane, ya koyi taje mata gashi ba tare da ya fizga ba. Ya riƙa karanta mata gaisuwar ungozomomi daga tsibirai, wance ta ce a gaishe da Bu Rannu, wato Uwargida Rannu, wance ta sa wa jikarta sunanki. Labari ɗaya zai ba ta da safe, ya sake ba ta da rana, ko Allah zai sa wani ya faɗa inda ake so. Idonta yana kansa, wani lokaci har ya ga kamar ga ta nan, ga ta nan, sai iye ta fito daidai irin ta jiya. Abin da ke cinsa ba wankin ba ne, ba ɗagawar ba ce. So yake ya sani ko matarsa tana ciki, ko kuwa shi kaɗai yake surutu a gidan.

Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wata Litinin ya roƙi maƙwabciya ta zauna da ita, ya hau babur ya tafi ofis. Yohanis ya miƙe ya rungume shi, ya ce ya rame, ya aika a kawo kofi. Sikki bai ko zauna daidai ba ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Zan sa 'an karanta' a hanya."

Yohanis ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya daina.

"Daeng, ka ci abinci kuwa yau?"

"Da gaske nake."

"Ta yaya? Kai da bakinka ka hana mu barci da cewa hanya ba ta ganin ido."

"In saƙo ya sauka, fuskar waya ta kawo haske, sai a buga an karanta. A cire maɓallin, tunda mantawa suke."

"Subhanallahi, in ji ku. Ni Kirista ma na faɗa. Waya ta yi haske a aljihu shi ne karatu? Ba zan sa hannu a wannan ba, ko za mu ɓata."

"Ita ta nema."

"Ta nema ne don ta ja ka da faɗa! Duk ofis ɗin nan an sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Sikki ya dubi kofin da ke gabansa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Yohanis, shekara da shekaru ina cewa in saƙo ya iso na gama nawa. To ga shi yana isowa. Kullum yana isowa. Abu ɗaya matar nan ta yi ta roƙona tun muna da gashi, ban ba ta ba. Yanzu ba ni da abin da zan ba ta sai shi."

Yohanis ya ce, "To kafin ka taɓa komai, je ka gaya mata da bakinka. In ta ce..." Sai ya kama bakinsa, don ya tuna abin da za ta ce.

Bayan la'asar Sikki ya turo kekenta baranda, inda take son zama tana kallon masu wucewa. Mai ayabar gashi ya kafa tebur a bakin lungu, yara suna buga ƙwallo. Ya jawo 'yar kujera ya zauna gabanta, ya riƙe hannunta na hagu, mai lafiyar.

"Rannu, na je ofis yau. Yohanis yana gaishe ki."

"Iye."

"Na yanke shawara. Abin nan da kika daɗe kina nema, zan yi miki. 'An karanta'. Zan sa shi a hanya."

"Iye."

Ya ci gaba, don shi in ya fara bayani sai ya kai ƙarshe, ko bango yake yi wa. Ya faɗa mata dalla-dalla, kamar yadda yake yi a kan teburin abinci. Ya ce hanya ba za ta san ungozoma ta duba ba, wannan ba makawa, amma za ta san waya ta yi haske, to da wannan za a yi amfani. Ya ce maɓallinta za a cire shi, a huta da mantuwa. Ya ce daga yanzu likita a gari yana tura umarni zai ga an karanta, hankalinsa ya kwanta, ya tafi wajen wani.

Ya tsaya yana jiran iye. Ba ta zo ba.

Ya ɗaga kai. Fuskarta ta yi ja, jijiyar wuyanta ta tashi, numfashinta yana fita da ƙarfi. Ya tsorata, ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ya yunƙura zai kira maƙwabciya. Sai hannun nan na hagu ya zame daga nasa, ya hau ƙirjinsa, ya damƙi wuyan rigarsa, ya jawo shi har goshinsu ya kusa haɗuwa. Bai san da sauran ƙarfi haka a jikinta ba. Leɓenta yana rawa, harshe yana kokawa, miyau yana zuba ta gefen da ya shanye.

"Ƙar..." Ta tsaya, ta rufe ido, ta sake tarawa. "Ƙarya."

Sikki ya ƙura mata ido.

"Me kika ce?"

Harara ta zuba masa, irin wadda ya sani, wadda rabonsa da ita tun ranar da ta faɗi. Ya ji tsoron kada ya zama wata kalma ce kawai ta maƙale a madadin waccan, don haka ya daure ya ja ta.

"Ai ke kika ce a sa. Ke kika ce in ɗauke muku. To in ba a hanya ba, aikin wa ne?"

Ta saki rigar. Hannun ya koma a hankali, ya sauka a ƙirjinta, ta buga sau ɗaya, ta sake bugawa. Wannan karon kalmar ba ta wahalar da ita sosai ba.

"Nawa."

Daeng Sikki ya zame daga kujera ya durƙusa a siminti, ya kifa kansa a gwiwarta, yana kuka yana dariya, mai ayaba da yaran lungu suka tsaya suna kallo, shi ko oho.

"Naki ne," ya ce. "Wallahi naki ne, ba zan taɓa ba. Ƙarya na shirya, kin kama ni." Ya ɗago, hawaye har haɓa, ya kamo hannun ya mayar da shi wuyan rigarsa da kansa. "Rannu, don Allah ƙara zagina."